Baba Duba-gari da Gaisuwar Farkon Wata

Inna lillahi wa inna ilaihi raji'un.

Labarin ya same ni a bakin rijiya. Muna wani ƙauye da ke gefen hanyar Ringim, mun zare bututun famfon tuƙa-tuƙa mun jera a ƙasa, mata sun ajiye jarkoki da bokitai a gindin dalbejiya suna jira, sai wayata ta yi ƙara. Kabiru ne, babban ɗan Malam Haladu. Bai ja gaisuwa ba. Ya ce, "Yaya Nasiru, Baba ya cika. Bayan azahar za a yi salla a ƙofar gida."

Na tsaya da waya a hannu ina kallon bakin rijiyar a buɗe. Makanikinmu ya ce mu rufe ta da buhu mu kama hanya, in an yi sadakar uku mu dawo. Raina ya so hakan ƙwarai. Amma doka ce a wajenmu, kuma mamacin ne ya kafa ta, cewa ba a kwance famfon mutane a tafi a bar shi. Yakan ce, "Kafin ka zo suna da famfo marar lafiya. In ka tafi ka bar shi a kwance, ba su da komai." Saboda haka muka mayar da bututun ɗaya bayan ɗaya har ruwa ya zubo. Kafin mu iso Limawa, unguwarsu a Dutse, an riga an yi salla. A maƙabarta na same su, ana zuba ƙasa. Ban samu sallar mutumin da ya koya mini sana'ar da nake ci da iyalina ba, kuma na san da wani ne ya rasu shi yana raye, abin da zai sa ni in yi ke nan.

Ga wanda bai san shi ba, Malam Haladu tsohon ma'aikacin tsafta ne, irin waɗanda ake kira duba-gari, kuma sunan ya bi shi har kabari. Yara da manya, Baba Duba-gari. Da ya yi ritaya, maimakon ya shimfiɗa buzu a ƙofar gida ya rungumi rediyo kamar tsararsa, sai ya tara wasu abokansa suka kafa 'yar ƙungiya mai aiki guda ɗaya tak: gyaran famfunan ƙauye da suka lalace. Ba ma haƙa sabuwar rijiya, ba ma rabon kaya. Ofishinmu ɗaki biyu ne a unguwar Takur a nan Dutse, ɗaya na mutane, ɗaya na ƙarafa, kuma na ƙarafan ya fi girma. Ni na shigo ina saurayi, da takardar makaranta da ɗan Turanci, aka ba ni aikin rubuta wa masu ba da tallafi. Yau furfura ta fara fito mini, ina nan a kan kujerar.

Aikin da ya zaɓa mana shi ne mafi wuyar nema wa kuɗi. Mai hali yana son sabuwar rijiya, a kafa allo da sunansa, a kira mai gari, a yanka ƙyalle, a ɗauki hoto. Ba mai son a ce shi ya sayi robar da ke can ƙasan bututu, wadda ba wanda zai taɓa gani. Da haka dai Baba ya yi ta lallaɓa mu shekara da shekaru, rabi daga wata babbar ƙungiya ta ƙasar waje, rabi daga mutanen gari. Bara tallafin waje ya tsaya, aka aiko mana da saƙo mai cike da ladabi da fatan alheri. Tun daga nan muke rarrafe. Albashi ya zama sai an samu. Biyu daga cikin makanikanmu sun koma acaɓa. Abin da ya rage mana shi ne mutanen gari, su kuma Baba suka sani.

Shi ya sa, Allah ya gafarta mini, tun ina tsaye a maƙabarta wata tambaya ta zauna mini a ƙirji tare da baƙin ciki. Waɗannan mutane, aikin suke ba wa ko Baba? In Baba ne, to mun binne ƙungiyar tare da shi, sai dai mu mayar wa mai gida mabuɗin ofis. Ina rubuta wannan a gajiye, gajiyar makoki da wadda ta riga ta, kuma ba zan yi kamar ba haka ba.

Ranar farko da ya ɗauke ni neman taimako, wajen wani mai sayar da kayan gini muka je a cikin Dutse. Na yi shiri na kwana da kwanaki. Baba ya gaisa, ya faɗi ƙauyen, ya faɗi abin da ya lalace, ya faɗi abin da muke nema, ya yi shiru. Mutumin ma ya yi shiru. Ni kuwa shirun ya dame ni, na buɗe baki na shiga bayani a kan muhimmancin ruwa ga rayuwar ɗan Adam, ga mutumin da ya girma yana jan guga. Sai na ji ƙafar Baba a kan tawa, ya danna da gaske. Da muka fito ya ce, "In ka faɗi abin da ya kawo ka, ka rufe bakinka. Shirun nan nasa ne, a ciki yake shawara da zuciyarsa. In ka cika shi da surutu ka ƙwace masa." Kwana biyu ina ɗingishi.

Ba ya haɗa gaisuwa da roƙo. In ya je suna, suna ya je. In ya je dubiya asibiti, ko zaman makoki, ko barka da dawowa daga Makka, ba za ka ji kalmar famfo a bakinsa ba, ko da mai gidan ne ya tsokano zancen. Yakan ce ƙafar gaisuwa daban, ƙafar roƙo daban, wanda ya haɗa su zai wayi gari mutane suna jin sallamarsa suna laluben aljihu. Ranar da zai roƙa kuwa, tun a waya zai ce, "Alhaji, gobe zan zo, kuma da buƙata zan zo." Har wasu attajiran Dutse suka mayar da abin wasa, in sun hango shi sai su ce, "Baba, yau da wace ƙafar?"

Labari marar daɗi ba ya kwana a wajensa. Akwai wata Hajiya a Takur da ta biya kuɗin gyaran wani famfo, damina ba ta ƙare ba ya sake tsayawa, domin kayan da muka saya ba su da kyau. Ni a ganina mu gyara a ɓoye, magana ta wuce. Baba ya sa hula ya tafi gidanta da robar da ta fashe a cikin leda, ya ajiye a gabanta ya ce kuskurenmu ne wajen saye. Na ɗauka mun rabu da ita ke nan. Har yau tana cikin masu ba mu. Abin da ya ce mini a hanya shi ne, "Mai bayarwa yana iya jure labari marar daɗi. Abin da ba ya jurewa shi ne ya ji shi a bakin wani."

Mun sha saɓawa, kar a ce ina yabon mamaci ne kawai. Wata shekara wata ƙungiya ta zo mana da kuɗi masu kauri, a kan mu riƙa tara matan ƙauye muna koya musu yin sabulu. Da mun karɓa, da mun sayi mota, da albashi ya zauna. Na kwana ina tsara yadda za a yi. Da safe ya dube ni ta saman tabarau ya ce, "Nasiru, ka iya sabulu?" Na ce a'a. Ya ce, "Ni ma ban iya ba. To kuɗin wa za mu ci?" Na ce ai sai mu ɗauko wanda ya iya. Ya ce su ma sun san hanyar gidan wanda ya iya, su je can. Na yi fushi na ainihi, na yi mako ba na ce masa komai bayan ina kwana. Shi ko a jikinsa.

Haka yake da hoto. Masu tallafi suna son hoton yaro da tsumma yana shan ruwan kududdufi, kuma ni ne mai haɗa rahoto, na san irin hoton da ke buɗe hannu. Baba ya hana. Ya ce, "Ka ɗauki hoton famfon, shi ne marar lafiya. Yaron nan yana da uba." A ofis kuma ya hana mu cewa mun taimaka wa ƙauye kaza. Sai dai mu ce mun yi aiki da su, tunda ba ya taɓa famfo sai mutanen garin sun kawo nasu, ko mudun gero ne, ko abincin makanikai. Tsohuwar da ta kawo mudu ɗaya, tsayuwar da zai yi ya gode mata ita ce wadda yake yi wa mai babbar riga. In an yi la'asar kuma sai ya kore mu gida, ko da aiki a gabanmu. Yakan ce gajiyayye yana fara jin haushin mutanen da yake yi wa aiki, shi bai sani ba. A 'yan watannin nan na gane gaskiyar wannan magana a jikina.

Yana da taurin kai, wannan iyalinsa ma za su shaida. Bai yarda da kwamfuta ba, bai yarda a wakilce shi ba. Duk mutanen da ke ba mu a kansa suke: wa ke son a kira shi da safe, wa ya aurar da 'ya, wa ba ya shiri da wa. Mu muna ofis muna buga takardu, shi yana gari yana riƙe da mutane. Kuma ya taɓa yin kuskure babba, wanda shi da bakinsa ya ce in riƙa ba sababbin ma'aikata labarinsa.

Akwai wani bawan Allah ɗan kasuwa a Ringim. Ba zan faɗi sunansa ba, nan gaba kaɗan za a ga dalili, zan kira shi Alhaji kawai. Mahaifiyarsa ta yi rayuwarta tana ɗauko ruwa a ka daga nesa, ta rasu kafin Allah ya buɗa masa. Duk kaka, in kasuwa ta yi kyau, sai ya kira Baba ya ba shi abin da ya fi na kowa a cikin mutanen gari. Sharaɗinsa ɗaya ne. Ya ce, "Malam, wannan na Inna ne. Daga ni sai kai sai Allah." Ni kaina ban san sunansa ba a lokacin. A rahoto sai dai in rubuta wani bawan Allah.

Sai aka gayyaci Baba taron bita a Abuja, irin wanda ake kwana a otal ana koyar da yadda ake riƙe masu ba da tallafi. Can aka yi ta nanata musu cewa mai bayarwa yana son a yaba masa a bainar jama'a. Ga masu koyarwar kuwa gaskiya ne, domin su in ba ka manna tambarinsu a riga da bango da jikin famfo ba, sai sun tambaye ka dalili. A daidai wannan lokaci kuma ana ta tsegumi a gari cewa mu 'yan cin kuɗin Turawa ne, ba wani mutumin kirki na gida da ya yarda da mu. Maganar ta ci wa Baba rai. Da aka kira shi hira a gidan rediyo, mai shirin ya tambaye shi ko akwai ɗan ƙasa da ke sa hannu a wannan aiki, sai Baba ya faɗi sunan Alhaji. Ya faɗi garinsu, ya faɗi har zancen mahaifiyarsa. Ya dawo ofis yana murna, yana ganin ya wanke mu kuma ya karrama mutum.

Ba a jima ba Alhaji ya aiko a kira shi, ni na raka shi. Mun same shi a kan benci a ƙofar sitonsa, buhunan gero a bayansa. Bai ce a kawo ruwa ba.

Ya ce, "Malam, me na yi maka?"

Baba ya ce, "Ba abin da ka yi min sai alheri."

"To don me ka tona ni? Tun asuba ƙofar gidana kamar asibiti. 'Yan'uwana suna cewa ina da na gyaran famfon garin da ban san kowa ba, nasu ne ba ni da shi. Wannan duk mai sauƙi ne. Jiya a masallaci wani ya riƙe hannuna yana ta yaba min, kuma Malam, na ji daɗi. Ka gane? Daɗi na ji. Ladan da na ajiye wa Inna ke nan, ka sa na fara cin sa tun a nan."

Muryarsa ba ta tashi ba. Ya dubi Baba ya ce, "Wallahi ƙungiyarku ba ta ƙara ganin sisina."

Baba ya girme shi nesa ba kusa ba, amma ya sauka daga benci ya tsuguna a gabansa, 'yan dako suna kallo. Ya ce, "Na yi kuskure, kuma ban zo da hujja ba." Muka kama hanya a mota har duwatsun Dutse suka bayyana. Sannan ya ce, "An koya min yadda ake gode wa mutane. Na manta mutumin nan ya riga ya gaya min yadda yake so a gode masa." Tun daga ranar, duk wanda ya ba mu ko nawa ne, tambayar farko da muke yi masa ita ce yadda yake so a yi da sunansa.

Da wata ya kama, Baba ya shiga motar haya da kuɗin fanshonsa ya tafi Ringim. Ya yi sallama, Alhaji ya amsa don amsawa wajibi ce, bai ɗaga kai daga awon da yake dubawa ba. Baba ya tsaya ya ce, "Famfon da Inna ta gyara a gari kaza yana nan yana ba da ruwa. Na gari kaza ya ɗan yi tari, mun duba shi." Ya yi sallama ya juyo. Wani watan ya koma. Haka ya riƙa yi duk farkon wata, da zafi da damina. A hankali aka fara matsa masa a benci. Daga baya aka fara kawo ruwa, sannan fura. Shekaru suka tura, har ya zama in Baba ya makara Alhaji ba ya cin abincin rana sai ya iso. Amma ko sau ɗaya zancen taimako bai shiga tsakaninsu ba.

Na taɓa tsokanarsa, na ce, "Baba, wannan biko naka ya ƙi ƙarewa, ko a haƙura?" Ya yi dariya har da tari. Ya ce, "Ba biko nake ba. Mutumin nan ya biya kuɗin labarin nan tun tuni. Muddin ruwan yana zuba, haƙƙinsa ne ya sani."

Da tallafin waje ya tsaya, Malama Rabi ce ta fara fuskantarsa. Ita ce ma'ajinmu, mace ce da ba ta ɓoye abin da ke ranta, kuma ita ke kallon idon ma'aikata a ƙarshen wata. Ta ce, "Baba, mutumin nan yanzu kwano ɗaya kuke ci. Kalma ɗaya ce fa."

Ya ce, "Rabi, ya rantse da Allah a gabana. In na roƙe shi na sa shi tsakanin kunyata da rantsuwarsa. Rantsuwa tana da kaffara, ya fi ni sani, ya ciyar da miskinai goma ya warware. In zai yi, don kansa zai yi. Ba ni zan tuna masa ba."

Ta ce, "Mu kuma kafin nan mu ci me?"

Ranar na fara ganin tsufa a fuskarsa. Ni ina bayan Malama Rabi a wannan magana, ban ɓoye masa ba.

A watanninsa na ƙarshe ƙafafunsa suka kumbura, sai ya fara cewa in raka shi Ringim, wai don in riƙe masa hannu wajen sauka daga mota. Ya fara kai ni gidajen mutanen Dutse yana cewa, "Ga Nasiru, ku san shi." A tafiyarmu ta ƙarshe ya ce mini, "Na cuce ku. Na bari mutane sun san fuskata, ba su san ƙofar ofis ba." Na ce ya bar wannan magana, akwai lokaci. Ni da shi duk mun san ba haka ba ne.

Ranar sadakar uku ƙofar gidansa a Limawa ta cika. Mutanen ƙauyuka sun zo a bayan akori-kura, wasu da kaji, wasu da gero a ƙullin zane, mutanen da ban taɓa zaton labarin zai kai musu ba. Da hantsi sai ga Alhaji. Ya zauna a bakin tabarma, ya yi addu'a mai tsawo, ya yi wa Kabiru ta'aziyya, ya sunkuyar da kai. Ina kallonsa wayata ta motsa a aljihu. Malama Rabi ce, daga cikin gida wajen mata. Na koma gefe.

Ta ce, "Nasiru, an ce min ya zo. Yau zuciyarsa a buɗe take. In ka bari ya shiga motar nan ba ka yi magana ba, mun rufe ofis, kai ma ka sani."

Na ce, "Malama, a tabarmar makoki?"

Ta ce, "Baba ya tafi da dokokinsa, Allah ya jiƙansa. Mu muna da yara."

Kuka take yi. Ban ga laifinta ba a ranar, ban gani ba har yau. Gaskiya ta faɗa, ba wata ƙofa da ta rage mana.

Da Alhaji ya miƙe, na tashi na yi masa rakiya. Motarsa tana can bakin titi, tafiyar ba ta da nisa, amma na tsara magana a kaina na rushe ta fi a ƙirga. Rubuta roƙo ne sana'ata, na san yadda zan fara, na san inda zan sa sunan Baba don ya yi nauyi. Maganar tana bakina. Sai dai a kan tabarmar mutumin muka taso, ƙasar kabarinsa ba ta bushe ba. Da muka isa motar abin da ya fito daga bakina shi ne, "Allah ya ba da lada, Alhaji. A sauka lafiya."

Ya riƙe murfin motar bai shiga ba. Ya ce, "Kana wajen ranar da na yi masa rantsuwa."

Na ce ina wajen.

Ya ce, "Shekaranjiya na ji labari. Jiya na sa an dafa abinci, na ciyar da mutum goma da hannuna."

Ya yi shiru. Na ji bakina yana son ya yi godiya, yana son ya cika wurin da magana, sai na tuna da nauyin ƙafar Baba a kan tawa. Na bar masa shirunsa.

Can ya ce, "Tun bara na ji abin da ya same ku. Duk wata sai in ce yau in ya zo zai yi magana, ni kuma in ce masa na warware. Shi ba ya tambaya, ni ba na faɗa. Mu ci tuwo ya tafi. Jira nake ya roƙe ni, Nasiru, don in ji na rama. Bai ba ni wannan ba." Ya goge fuska da hannun riga. "In wata ya kama ka zo. Ka taho da Malamar nan da yake cewa tana yi masa faɗa, in san ta. Kar ku ƙara bari na da fuska ɗaya."

Na daɗe a bakin titi bayan motar ta tafi. Ba murna na ji ba. Abin da na ji ya fi kama da haushi, na dattawa biyu da suka zauna shekara guda a benci ɗaya, ɗaya kunya ta hana shi tambaya, ɗaya zuciya ta hana shi furtawa, mu kuma muna Takur muna sallamar makanikai. Da Baba ya yi magana, da wataƙila yaran nan ba su koma acaɓa ba. Da ya yi magana kuma, da Alhaji ya bayar ne don ramuwa, ba don Inna ba. Na juya wannan a raina har na gaji, ban san wanne ya fi ba. Abin da na sani shi ne, mutumin da ya rantse ba zai ƙara ba mu ba ya zo da ƙafarsa, kuma ba takardata ce ta kawo shi ba.

Wata ya kama, mun je, ni da Malama Rabi. Ya matsa mana a benci, ya sa aka kawo fura. Tambayarsa ta farko ita ce, "Famfunan Inna fa?" Na ba shi labarinsu ɗaya bayan ɗaya, har da wanda ya tsaya ba mu samu zuwa ba. Kafin mu taso na ce masa ina son in rubuta wani abu a kan Baba, yaya yake so a yi da sunansa. Ya ce, "Nasa ka rubuta duka. Nawa, ka rubuta cewa na makara, ka tsaya nan."

A nan na tsaya. Ofis dai a buɗe yake. Albashi bai daina ɗingishi ba, akwai gidaje da yawa a Dutse da har yanzu in na yi sallama sai a leƙa bayana ana neman Baba. Mun raba su tsakaninmu, kowa da waɗanda zai riƙa gaisarwa, kuma ba mai zuwa shi kaɗai.

Ya Allah, ga bawanka Haladu ya zo maka. Ka jiƙansa, ka gafarta masa, ka yafe masa kurakuransa, wanda ya tsuguna a gaban mutane ya nemi afuwarsa da wanda ya manta. Ka yalwata masa kabarinsa, ka sanyaya masa makwanci. Yadda ya yi tsufansa yana mayar wa mutane ruwa, ka shayar da shi daga tafkin Annabinka, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi. Ka kai ladan kowane ɗigo ga waɗanda suka bayar a fili da waɗanda suka ɓoye, da iyayensu da suka riga mu.

Allah ya ba Hajiya Hajara, uwargidansa, haƙurin wannan rashi, ita da ta yi shekaru tana ajiye masa tuwon da ke hucewa yana hanyar Ringim. Allah ya raya Kabiru da ƙannensa, ya haɗa kansu, ya rufa musu asiri. Mu da ya bari da ƙarafa da mabuɗi, Allah ya ba mu ƙarfin ƙafa, ya kare mu daga jin haushin mutanen da muke yi wa aiki. In tamu ta zo, Allah ya sa mu cika da imani. Amin.